Jagorar Bincike a Laburaren Kwaleji: Daga Katalogi Zuwa Rumbunan Mujallu na Intanet

Ɗalibai da yawa sukan shiga laburaren kwalejinsu, su zauna gaban kwamfuta, su rubuta taken aikin da aka ba su gaba ɗayansa a cikin akwatin bincike, sa'annan idan na'urar ta ce ba ta sami komai ba, sai su tashi da yaƙinin cewa babu wanda ya taɓa rubutu a kan batun. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa littafin da ɗalibin yake buƙata yana nan a kan kanta, taku kaɗan daga inda yake zaune. Matsalar ita ce katalogin laburare ba ya fahimtar tambaya kamar yadda mutum yake fahimta. Abin da yake yi kawai shi ne ya duba kalmomin da ka ba shi, ya gwada su da kalmomin da aka rubuta a cikin bayanan kowane littafi. Idan kalmominka da nasa ba su haɗu ba, ba za ku gamu ba. Saboda haka mafi yawan aikin bincike a laburare, neman kalmomin da suka dace ne, kuma a kan wannan ne zan fi tsayawa.

Mataki na farko: ka fitar da kalmomi daga batunka

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta batunka a cikin jimla ɗaya. A ce aikinka ya shafi tasirin koyar da yara da harshen uwa a kan ƙwarewarsu ta karatu a makarantar firamare. A cikin wannan jimla akwai ginshiƙai uku kacal: harshen uwa, ƙwarewar karatu, da makarantar firamare. Kalmomi irin su "tasiri" da "matsaloli" da "nazari" ba su da amfani wajen bincike, domin kusan kowace maƙala tana ɗauke da su, don haka ka ajiye su gefe.

A ƙarƙashin kowane ginshiƙi, jera duk kalmomin da wani marubuci zai iya amfani da su wajen faɗin abu ɗaya. A nan akwai gaskiyar da ya kamata mu fuskanta, wato mafi yawan katalogi da rumbunan mujallu da Turanci aka tsara bayanansu, ko da kuwa littafin da kansa da Hausa ko Larabci aka rubuta shi. Kana iya yin tunaninka da Hausa, amma sai ka nemo kalmomin da masu fannin suke amfani da su a Turanci. Abin da muke kira harshen uwa, wani marubucin zai ce "mother tongue", wani ya ce "first language", wani kuma "home language" ko "native language". Wanda ya tsaya a kan ɗaya daga cikinsu ya rufe wa kansa ƙofofi uku. Idan kuwa littafin Hausa kake nema, ka gwada rubuta kalmar da haruffa masu lanƙwasa, sa'annan ka sake gwadawa ba tare da lanƙwasar ba, domin ba kowane mai shigar da bayanai ba ne yake sanya ƙ da ɗ da ɓ, kuma ba kowace manhaja ce take ɗaukar su daidai da k da d da b ba. Haka ma sunayen marubuta da aka juyo daga Larabci, sukan zo da rubutu iri biyu ko uku, kuma sai an gwada kowanne.

Mataki na biyu: shiga katalogi, ka karanta abin da ya nuna maka

Katalogi shi ne jerin duk abin da laburare ya mallaka: littattafai, mujallu, kundayen digiri, taswirori, da littattafan da ake karantawa ta intanet. A da, a kan ƙananan katuna ake rubuta shi, a jera su cikin aljihunan akwati bisa sunan marubuci da take da batu, kuma har yanzu akwai laburaren da tsofaffin littattafansa suna cikin katunan nan kawai, don haka yana da kyau ka tambaya. Yanzu dai galibi a kwamfuta yake, kuma za ka ji ma'aikata suna kiransa OPAC. Manhajojin da ake gina shi a kai sun bambanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu ita ce Koha, wadda aka fara amfani da ita a ƙasar New Zealand a shekarar 2000, kuma kyauta ce. Fuskar shafin na iya sauyawa daga wannan kwaleji zuwa waccan, amma aikin ɗaya ne.

Idan ka san sunan littafin ko marubucinsa, zaɓi bincike ta take ko ta marubuci, ka fara da sunan ƙarshe na marubucin. Idan batu kake nema, fara da kalmomi biyu ko uku daga cikin jerinka. Da zarar ka ga littafi ɗaya da ya yi kama da abin da kake so, kada ka yi gaggawar kwafe lambarsa ka tashi. Danna shi ka buɗe cikakken bayaninsa, domin a nan ne ribar take. Za ka ga marubuci, da take, da maɗaba'a, da shekarar bugu, da bugu na nawa ne, da ɓangaren da aka ajiye shi, da ko yana nan ko an are shi. A ƙasa kuma za ka ga wani layi na kanun batutuwa, kuma a ganina wannan layi ya fi duk sauran daraja ga mai bincike.

Dalili shi ne, waɗannan kanu ba marubucin ne ya zaɓe su ba. Ma'aikacin laburare ne ya duba littafin, ya ɗauko su daga wani tsayayyen jeri, wanda a wurare da yawa jerin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne. Manufar ita ce duk littattafan da suka yi magana a kan abu ɗaya su taru a ƙarƙashin kai ɗaya, komai bambancin kalmomin da marubutansu suka yi amfani da su a take. A misalinmu, mai yiwuwa ka ga kai irin "Native language and education". Idan ka danna shi, katalogin zai kawo maka duk littattafan da aka sanya wa wannan kai, har da waɗanda takensu bai ambaci harshen uwa ba ko kaɗan. Da haka littafi ɗaya mai kyau yake koya maka yaren da katalogin yake ji. Rubuta waɗannan kanu a takardarka, domin za ka sake buƙatarsu a gaba.

Mataki na uku: daga lamba zuwa kanta

Kowane littafi yana da lambar da ke nuna mazauninsa, wadda aka liƙa a gadon bayansa. Kwafe ta gaba ɗayanta, har da haruffa da shekarar da ke ƙarshe, domin rabin lamba ba ya kai mutum ko'ina. Tsari biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne na Melvil Dewey, wanda ya fito a 1876, ya kasa ilimi gida goma daga 000 zuwa 999: addini yana 200, ilimin zamantakewa yana 300, harsuna 400, kimiyya 500, fasaha da aikace-aikace 600, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa kuma 900. A cikin kowane gida akwai ɗakuna, misali ilimi da koyarwa yana 370, likitanci 610, noma 630. Na biyu shi ne tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda manyan makarantu da dama suka fi so, shi kuma da haruffa yake farawa: L na ilimi, P na harshe da adabi, Q na kimiyya, R na likitanci, S na noma, K na shari'a.

Inda ake yawan ɓata shi ne wajen karanta abin da ya biyo bayan ɗigo. Lambobin da ke bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya ake karanta su, ba a dunƙule ba, don haka 370.15 yana zuwa kafin 370.2, domin 1 ya riga 2, duk da cewa ido yana ganin kamar 15 ya fi 2 girma. A tsarin haruffa kuwa, lambar farko da ke bin haruffan cikakkiya ake karanta ta, wato LB 875 yana zuwa kafin LB 1028, amma abin da ya zo bayan ɗigo tare da harafi, shi ma ɗaya bayan ɗaya ake binsa.

Idan ka isa wurin, kada ka zare littafinka ka juya. Dubi na damansa da na hagunsa, da kantar sama da ta ƙasa, domin bisa batu aka jera su, kuma sau da yawa maƙwabcin littafin da ka zo nema ya fi shi dacewa da aikinka. Buɗe kowanne ka duba abubuwan da ke ciki da fihirisar da ke baya kafin ka yanke shawarar ɗauka. Idan littafin ba ya wurinsa alhali katalogi ya ce yana nan, ka duba ko an nuna cewa yana sashen littattafan da ba a fita da su, irin su ƙamus da kundin sani, ko sashen da malamai suke keɓe littattafan darasi don aro na ɗan gajeren lokaci. Idan duk babu, sanar da ma'aikaci. Abu ɗaya da nake roƙo shi ne kada ka mayar da littafi inda ka ga dama, domin littafin da aka ajiye a kantar da ba tasa ba daidai yake da wanda ya ɓata.

Mataki na huɗu: rumbunan mujallu

Katalogi yakan nuna maka cewa laburare yana da wata mujalla, amma galibi ba ya jera maƙalun da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin rumbunan bayanai ne, kuma a nan ne sabon bincike yake fitowa tun kafin ya shiga littafi. Je shafin laburaren ka nemi jerin rumbunan da kwalejin take biyan kuɗinsu. Wasu suna buɗewa kai tsaye idan kana kan intanet na makaranta, wasu kuma sai da suna da kalmar sirri, musamman idan daga gida kake shiga. Ka bi ta shafin laburare a kowane lokaci, domin idan ka je shafin mujallar kai tsaye ba zai gane cewa kai ɗalibin makarantar da ta biya ba ne, sai ya nemi ka sayi maƙalar da tuni kake da haƙƙin karantawa.

Zaɓin rumbu ya danganta da fanninka. JSTOR, wanda aka kafa a 1995, yana da ƙarfi a tarihi da adabi da harshe da ilimin zamantakewa, sai dai a mujallu da yawa fitowar shekarun baya-bayan nan ba ta cikinsa, don haka bai isa shi kaɗai ba idan sabon abu kake nema. Ɗalibin likitanci ko aikin jinya ya nufi PubMed, wanda Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka yake gudanarwa, kuma bincike a cikinsa kyauta ne ga kowa. Ɗalibin fannin ilimi yana da ERIC, shi ma kyauta. Mai neman binciken da aka buga a mujallun Afirka ya duba AJOL, wanda ya fara aiki a 1998, domin akwai maƙalu masu yawa a can da manyan rumbunan waje ba su ɗauke da su. DOAJ kuma, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, jeri ne na mujallun da kowa zai iya karantawa ba tare da biya ba. Akwai kuma shirin Research4Life, wanda yake ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu masu tsada kyauta ko da rahusa, ya ƙunshi Hinari na lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma, da OARE na muhalli, da ARDI na fasaha da ƙirƙira, da GOALI na shari'a. Makaranta ce take yin rajista, ba ɗalibi ba, don haka ka tambayi laburare ko suna ciki.

Yanzu ka dawo kan jerin kalmominka. Buɗe sashen bincike mai zurfi, inda za ka ga akwatuna da yawa maimakon ɗaya. Kalmomi uku ne suke haɗa bincike, kuma sun samo asali daga aikin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. OR yana faɗaɗawa, da shi ake haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya. AND yana taƙaitawa, da shi ake haɗa ginshiƙai daban-daban. NOT yana cirewa, kuma ina ba da shawarar a yi hattara da shi, domin yakan zubar da maƙala mai kyau don kawai ta ambaci kalmar da ka hana sau ɗaya. A aikace, akwati na farko zai ɗauki "mother tongue" OR "first language" OR "home language", na biyu ya ɗauki reading OR literacy, na uku ya ɗauki "primary school" OR "elementary school", sa'annan AND ya haɗa akwatunan uku. Alamar zance da ke kewaye da kalmomi tana tilasta wa na'ura ta nemo su a jere kamar yadda ka rubuta. Alamar tauraro kuma, a yawancin rumbuna, tana kamo duk rassan kalma, ta yadda educat* zai kawo education da educator da educational a lokaci ɗaya.

Idan sakamako ya yi yawa, ƙara ginshiƙi, ko ka taƙaita shekaru, ko ka umarci rumbun ya nemi kalmomin a take da tsakure kawai, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala. Idan ya yi kaɗan, cire ginshiƙi ɗaya ko ka ƙara kalmomi masu ma'ana ɗaya. Kada ka sauke maƙala kafin ka karanta tsakurenta, kuma ka lura da fitilun kalmomi, wato muhimman kalmomin maƙalar da aka jera a ƙarƙashinsa, domin su ma, kamar kanun batutuwa na katalogi, suna koya maka kalmomin da za ka sake gwadawa. Wasu rumbunan suna da nasu tsayayyen jeri, kamar MeSH a PubMed, kuma wanda ya koyi amfani da shi ya huta da yawan lalube.

Google Scholar, wanda ya fito a 2004, yana da amfani, amma ya kamata a san iyakarsa: ba ya bayyana cikakken jerin wuraren da yake tattaro bayanansa, kuma yakan haɗa maƙalar da masana suka tantance da rubutun da babu wanda ya duba. Inda ya fi taimako shi ne wajen bin sawu. Idan ka sami maƙala ɗaya mai ƙarfi, duba manazartarta ka ga waɗanda ta dogara da su, wannan komawa baya ke nan. Sa'annan ka sanya takenta a Google Scholar ka danna inda aka rubuta "Cited by", ka ga waɗanda suka ambace ta daga baya, wannan kuma ci gaba ne. Da ka yi haka ga maƙalu uku ko huɗu, za ka fara ganin sunaye ɗaya suna maimaituwa, kuma waɗannan su ne ayyukan da bitar da za ka yi ta ayyukan da suka gabata ba za ta cika ba sai da su.

Idan abin da kake nema ba ya nan

Ba kowace maƙala ce kwalejinka za ta iya buɗe maka ba. Kafin ka haƙura, ka duba ko marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa, domin jami'o'i da yawa suna da irin wannan rumbu na buɗe inda ake samun kundayen digiri da maƙalun malamansu. Kana kuma iya aika wa marubucin saƙon imel cikin ladabi ka roƙi kwafi, adireshinsa yakan kasance a shafin farko na maƙalar. Littafi kuwa, WorldCat, wato katalogin intanet da ya haɗa laburare masu yawa na duniya, zai nuna maka laburaren da suke da shi a cikin waɗanda suka shigar da bayanansu, sa'annan ka tambayi naku ko suna da tsarin aro tsakanin laburare da laburare.

Mataki na biyar: auna abin da ka samu

Samun maƙala daban, cancantarta ta shiga aikinka daban. Tambayi kanka wane ne marubucin da inda yake aiki, wace mujalla ce ta buga, ko masana sun tantance kafin bugawa, da kuma shekarar da aka yi binciken. Muhimmancin shekara ya danganta da fanni, domin maƙalar magani ta shekara 20 da suka wuce mai yiwuwa an wuce ta, alhali a tarihi ko adabi tsohon littafi yana iya zama tushen da kowa yake komawa gare shi. Karanta yadda aka gudanar da binciken, mutum nawa aka nazarta, a ina, kuma ko hujjar ta kai ga hukuncin da aka yanke. Akwai mujallun da kuɗin marubuci kawai suke so, suna bugawa cikin 'yan kwanaki ba tare da tantancewa ta gaskiya ba, kuma sukan ɗauki sunaye masu kama da na sanannun mujallu. Idan ka yi shakka, duba ko mujallar tana cikin DOAJ ko wani rumbu da laburarenku ya amince da shi, ko ka nuna wa malaminka. Haka nan duk madogarar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka, sai ka nemo ta da kanka ka gan ta da idonka, domin irin waɗannan manhajoji sukan ƙago sunan maƙala da marubuci waɗanda babu su a duniya.

Mataki na shida: rubuta madogara tun a lokacin

A daidai lokacin da ka ga wani aiki zai yi maka amfani, rubuta sunan marubuci, da shekara, da take, da sunan mujalla ko maɗaba'a, da kundi da fitowa, da shafuka, da lambar DOI idan akwai, wato lambar shaidar maƙala a intanet, wadda a kullum take farawa da 10 sai ɗigo, kuma ta fi adireshin shafi dawwama. A cikin bayananka ka bambanta kalaman marubuci, waɗanda za ka sanya cikin alamar zance tare da lambar shafi, da naka taƙaitawar, domin satar fasaha da yawa daga rikicewar wannan bambanci take tasowa bayan makonni sun wuce. Manhajar Zotero, wadda ta fito a 2006 kuma kyauta ce, tana tattara waɗannan bayanai daga katalogi da rumbuna, ta kuma tsara maka manazarta a salon APA ko MLA ko Chicago, gwargwadon wanda sashenku yake bi. Duk da haka ka duba abin da ta fitar, domin idan bayanin da ta ɗauko yana da kuskure, da kuskuren za ta tsara shi.

Ka kuma ajiye shafi ɗaya inda kake rubuta rumbun da ka shiga, da kalmomin da ka gwada, da ranar, da abin da ya fito. Wannan shafi shi ne za ka riƙe idan za ka je wurin ma'aikacin laburare mai kula da masu bincike, wanda aikinsa ke nan kuma a kansa aka horar da shi. Faɗa masa ainihin batunka da ranar da za ka miƙa aikin, ka nuna masa inda ka riga ka duba, domin da ganin kalmominka zai gane ginshiƙin da ya yi ƙunci da wanda ya yi faɗi, ya kuma nuna maka rumbun da ya dace da fanninka daga cikin waɗanda kwalejin take da su.